Tarihin Malantar Haziƙai, daga Fadojin Sarakuna zuwa Zaurukan Jami'a

Tun da aka fara tara yara wuri guda domin a ba su karatu, ba a taɓa rasa wanda zai sha gaban tsararrakinsa ba, yaron da kafin malam ya gama biya wa 'yan'uwansa layin farko shi ya riga ya kai ƙarshen shafi, ya ɗaga kai yana jiran ƙari. Kuma ba a taɓa rasa malamin da wannan yaro ya zame masa abin alfahari da abin damuwa gaba ɗaya ba. Amma a ce koyar da irin wannan yaro fanni ne mai cin gashin kansa, wanda mutum zai shiga jami'a ya nemi digiri a kansa, kana ya fito ya ci abinci da shi, wannan sabon al'amari ne, bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. Wanda ya bi sawun labarin zai ga abin mamaki guda: a kowane zamani an fi ɓata ƙarfi wajen neman haziƙin da aunawa da tacewa, shi kuwa wanda zai zauna da shi ya karantar da shi, kusan kullum shi ake tunawa da shi a ƙarshe.

Mutanen dā sun san hazaƙa, sai dai sun dube ta ne da idon mulki. Aflatun, masanin falsafar Yunanawa wanda ya rayu wajen shekara ɗari huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo shawara a cikin littafinsa na tsarin jamhuriya cewa a riƙa lura da yara tun suna ƙanana, a ware masu kaifin hankali, ko da 'ya'yan talakawa ne, a yi musu doguwar tarbiyya domin su riƙe ragamar gari. Amma wannan tunani ne na takarda, ba a san wata ƙasa da ta zartar da shi kamar yadda ya tsara ba. A ƙasar Sin, zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907 miladiyya, akwai jarrabawa ta musamman da ake yi wa ƙananan yara da suka haddace littattafan magabata, wanda ya ci a ba shi matsayi. Daular Usmaniyya ita ce ta fi kowa tsara abin. Bayan Sarki Muhammadu Alfatih ya ci Santambul a 1453, makarantar cikin fada da ake kira Enderun ta bunƙasa, inda akan kawo zaɓaɓɓu daga cikin yaran da ake ɗebowa daga ƙauyukan Kiristocin Balkan, a koya musu Larabci da Farisanci da Turkanci da fiƙihu da lissafi da hawan doki, daga cikinsu kuwa aka sami wazirai da gwamnoni masu yawa. Kada mai karatu ya manta cewa waɗannan yara raba su aka yi da iyayensu, ba don amfanin yaron aka kafa makarantar ba, don amfanin sarauta ne.

A zaurukan malaman Musulunci kuwa al'amarin ya bi wata hanya dabam. Ana cewa Imamu Shafi'i ya haddace Alƙur'ani yana da shekara bakwai, ya haddace Muwaɗɗa yana da goma, har malaminsa na Makka ya yi masa izinin fatawa yana matashi. Wannan riwaya ce ta littattafan manaƙibi, waɗanda aka sani da son kambama gwanayensu, don haka a ɗauke ta a matsayinta. Labarin Ibn Sina, wanda aka haifa kusa da Bukhara wajen 980, ya fi ƙarfin isnadi, ko da yake shi ma daga bakin mai shi ya fito, ta hannun almajirinsa Juzjani. Ya ba da labarin malamin da mahaifinsa ya ajiye masa a gida, Natili, wanda ya fara masa manɗiƙi da handasa, amma ba a je ko'ina ba sai almajiri ya tsere wa malami, har malamin ya ce masa ya ci gaba da karantawa da kansa ya zo ya yi masa bayani. Ni a ganina Natili ya cancanci yabo fiye da wanda ya samu a bakin almajirinsa, domin sakin linzami a lokacin da ya dace shi ne rabin wannan sana'a, kuma ba kowane malami ne girman kansa zai bar shi ya yi ba.

Abin lura a nan shi ne tsarin karatun kansa. A zaure, haka ma a makarantar allo da tsangayar ƙasar Hausa, kowane almajiri da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Wanda ya riƙe karatunsa yau ya wanke a rubuta masa na gaba, wanda bai riƙe ba ya maimaita, ba mai jiran wani. Daga kolo zuwa titibiri, zuwa gardi, zuwa alaramma da gwani, abin da ke kai mutum gaba tilawarsa ce, ba shekarunsa ba. A irin wannan tsari haziƙi ba mas'ala ba ne, gudu kawai yake yi. Ya zama mas'ala ne ranar da aka ƙirƙiro aji.

Wannan ya faru a ƙarni na 19, lokacin da ƙasashen Turai da Amurka suka ɗaura niyyar sa dukan yara a makaranta. Da yake ba yadda za a yi malami ɗaya ya bi yara hamsin ɗaya bayan ɗaya, sai aka kwaikwayi tsarin ƙasar Furusiya ta Jamus, aka karkasa su bisa ga shekarun haihuwa, kowane aji da littafinsa da zangonsa, a tashi tare a sauka tare. Birnin Boston ya buɗe makaranta mai irin waɗannan azuzuwa a 1848. Ingila ta tilasta karatun firamare a 1880, Faransa a 1882. Tsarin ya yi amfani ƙwarai, don da shi aka yaƙi jahilci a cikin miliyoyin mutane, amma an ɗinka rigar ne daidai jikin matsakaicin yaro, sai ta yi wa mai rauni yawa, ta matse mai ƙarfi. Tun a 1868 William Torrey Harris, shugaban makarantun birnin Sant Luwis, ya fara yarda a ciyar da yaro gaba cikin tsakiyar shekara idan ya gama abin da ke gabansa, kuma marubuta tarihin fannin sukan ɗauki wannan a matsayin yunƙuri na farko a makarantun gwamnatin Amurka.

Daga nan sai masu awo suka shigo. A 1869 Francis Galton, ɗan Ingila kuma ɗan'uwan Charles Darwin, ya wallafa littafi a kan gadon hazaƙa, inda ya bi salsalar alƙalai da malamai da manyan mutanen ƙasarsa, ya ga ɗaukaka tana bin gidaje, sai ya yanke hukunci cewa a jini take, bai ba dukiya da gata da kyakkyawar makaranta rabonsu na dalili ba. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da gwajin basira na farko mai amfani a birnin Faris, kuma abin da ya kamata a sani shi ne ba haziƙai suke nema ba: muradinsu shi ne a gane yaran da karatu ke yi wa wuya domin a taimake su, Binet kuwa ya yi gargaɗi kada a ɗauki makin gwajin a matsayin hukuncin da ba ya sauyawa. Ya rasu a 1911, gargaɗin bai haye teku tare da gwajin ba. William Stern na Jamus ya kawo dabarar gwama shekarun hankali da shekarun haihuwa a 1912, sa'an nan Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya gyara gwajin domin Amurkawa a 1916. Lissafin mai sauƙi ne: yaro mai shekara 8 da ya amsa tambayoyin 'yan shekara 12, a raba 12 da 8, a ninka sau 100, ya sami 150, matsakaicin yaro kuwa 100 yake samu.

A 1921 Terman ya fara binciken da ya shahara da shi. Ya tara yara wajen 1,500 a jihar Kalifoniya, waɗanda makinsu ya kai 135 ko ya zarce, ya riƙa bibiyar rayuwarsu har ya rasu a 1956, almajiransa suka ɗora. Binciken ya rushe wani tsohon camfi da ke cewa haziƙin yaro raunanan jiki ne, mai saurin taɓuwa, wanda ya yi saurin nuna zai yi saurin ruɓewa. An tarar galibinsu lafiyayyu ne, sun yi karatu mai zurfi, sun sami sana'o'i masu kyau. Amma yana da aibobi waɗanda ba a ɓoyewa. Malamai ne suka fara zaɓo yaran da za a gwada, sai aka sami mafi yawansu fararen fata 'yan birni daga gidajen masu hali. Terman kansa yana cikin masu aƙidar tace iri, wadda tarihi ya tsine mata daga bisani. Kuma ana ruwaito cewa yara biyu da aka gwada aka ƙi ɗauka, William Shockley da Luis Alvarez, su ne suka ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziya, alhali babu ko ɗaya cikin zaɓaɓɓun da ya ci. Terman ya auna, ya rubuta, ya adana takardu, amma bai damu ƙwarai da abin da malami zai yi da yaron ranar Litinin da safe ba.

Wadda ta damu da wannan mace ce, kuma idan wannan sana'a tana da uwa, to, ita ce. An haifi Leta Stetter a 1886 a karkarar jihar Nebraska, mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, ta yi ƙuruciya mai ɗaci, ta yi karatu ta zama malamar makaranta. Da ta auri Harry Hollingworth a 1908 ta bi shi birnin Niyu Yok, sai ta tarar ƙa'idar makarantun birnin ta hana ɗaukar matar aure aikin koyarwa, ta zauna 'yan shekaru a gida ba da son ranta ba, kafin ta koma karatu a Kwalejin Malamai ta Jami'ar Kolombiya, ta sami digirin digirgir a 1916. Aikinta na farko a birnin gwada masu raunin hankali ne. Wata rana a cikin wannan shekara ta 1916, tana so ta nuna wa ɗalibanta bambancin mai rauni da mai kaifi, sai aka kawo mata yaro mai shekara 8, ta gwada shi a gabansu, makinsa ya tashi 187. Wannan gwaji ya juya akalar rayuwarta. A zangon karatu na 1918 zuwa 1919 ta buɗe darasi a kan tarbiyyar haziƙan yara a kwalejin, wanda ake ɗauka shi ne na farko irinsa a jami'a. A 1922 ta shiga tafiyar da azuzuwa na musamman a wata makarantar gwamnati ta birnin. A 1926 ta fitar da littafin da ya zama na farko da ake karantar da malamai da shi a fannin.

Abin da ya bambanta ta da Terman shi ne ta zauna da yaran, ta san su ɗaya ɗaya. Ta lura cewa haziƙin yaro a ajin gama-gari yakan ɓata rabin lokacinsa yana jira, wanda ya kai maƙura kuwa kusan duk lokacinsa. Cewa daga wannan jira ake koyon lalaci da raina malami. Cewa yaro mai hankalin ɗan shekara 14 da zuciyar ɗan shekara 7 yakan rasa abokin wasa, ya shiga kaɗaici, ya riƙa tambayar mutuwa da asalin duniya tun bai iya jure amsar ba. A makarantar Speyer, wadda aka buɗe a 1936, ta tsara manhaja a kan tarihin abubuwan yau da kullum, watau abinci da sutura da muhalli da sufuri da makamantansu, yara su yi bahasi da kansu a ɗakin karatu, su tattaro, su rubuta, malami yana jagora. Hujjarta ita ce maimakon a yi ta tura yaro gaba har ya shiga cikin manyan da ba sa'o'insa ba, gara a faɗaɗa masa karatun a zurfafa. Ta rasu a 1939 tana da shekara 53, kuma muhawarar nan ta tsakanin gaggautawa da faɗaɗawa har yau tana cikin darussan da ake ba mai neman wannan digiri.

Bayanta abin ya yi sanyi. Karayar tattalin arziki da Yaƙin Duniya na Biyu sun ɗauke hankalin hukumomi. Ingila ta bi tata hanya da dokar ilmi ta 1944, inda jarrabawar da ake yi wa yaro yana da shekara 11 ke yanke irin sakandaren da zai shiga, watau tacewa ce kawai, ba a horar da wani malami na musamman ba. A Amurka J. P. Guilford ya yi jawabi ga ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam a 1950 yana zarginsu da yin watsi da basirar ƙirƙira, wadda gwajin Binet ba ya kamawa, kuma a 1954 Ann Isaacs ta kafa ƙungiyar ƙasa ta kula da haziƙan yara. Duk da haka sai da tsoro ya zo kafin kuɗi su fito. Ranar 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, Amurkawa suka wayi gari suna tambayar yadda aka yi aka riga su. A 1958 majalisarsu ta zartar da dokar ilmi don tsaron ƙasa, aka zuba kuɗi a kimiyya da lissafi da harsunan waje da horar da malamai da masu ba ɗalibai shawara. Ga shi dai an koma gidan jiya, irin na Enderun: ana neman haziƙi ne domin daula tana bukatarsa.

Su Rashawan kuwa sun warware mas'alar malami ta wata hanya mai ban sha'awa. Tun 1934 da 1935 ake gasar lissafi ta 'yan makaranta a Leningrad da Mosko, kuma a 1963 aka kafa makarantun kwana na lissafi da fiziya a jikin manyan jami'o'i, a Mosko da Leningrad da Kiyef da Nobosibirsk. Andrei Kolmogorov, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na ƙarnin, shi da kansa yake shiga aji a ta Mosko, yana kuma fita yawon daji da yaran yana sauraron kiɗa tare da su. A can gwanin fanni ne ya sauko ya zama malami. A Amurka malami ake ɗauka a koya masa halin haziƙi. Kowace hanya da ribarta, amma ta Rasha tana bukatar irin su Kolmogorov, waɗanda ba a samun su a kowace unguwa.

Zafin Sputnik bai daɗe ba. A Amurka shekarun 1960 na fafutukar 'yancin baƙaƙen fata ne da yaƙi da talauci, sai aka fara kallon azuzuwan haziƙai da zargi, kuma ba a rasa dalili ba, domin a wurare da dama sun zama wata ƙofar baya ta wariya. Sai a 1972 aka sake waiwayowa, da rahoton kwamishinan ilmi Sidney Marland, wanda ya ba da ta'arifin hukuma na farko: ya ƙiyasta haziƙai da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na 'yan makaranta, ya kuma faɗaɗa ma'anar ta haɗa da gwaninta a wani darasi guda, da ƙirƙira, da shugabanci, da fasahar zane da kiɗa da wasan kwaikwayo, har da ƙwarewar sarrafa jiki. Wani abin da rahoton ya tono ya fi ta'arifin tasiri a kan zancenmu: fiye da rabin shugabannin makarantun da aka tambaya sun ce su ba su da haziƙi ko ɗaya a makarantunsu. Lalle yaran suna nan. Idon ganinsu ne babu. Daga wannan lokaci horar da malami ya fara zama babban batu, aka buɗe ofishi a ma'aikatar tarayya, jihohi suka fara neman takardar shaida ta musamman ga mai koyar da waɗannan yara, jami'o'i suka buɗe kwasa-kwasan digiri na biyu da na digirgir.

Shekaru ashirin da suka biyo baya su ne suka haifi makarantun ra'ayi da ake karantawa yanzu. Julian Stanley na Jami'ar Johns Hopkins, bayan ya haɗu da wani yaro mai shekara 13 da lissafin sakandare ya yi wa kaɗan, ya fara bincike a 1971 inda yake ba 'yan shekara 12 da 13 jarrabawar shiga jami'a, da hujjar cewa gwajin sa'o'insu ba ya nuna iyakar ƙarfinsu. Shi ne limamin masu gaggautawa. Joseph Renzulli na Jami'ar Konetikat ya kawo ra'ayinsa a 1978 cewa hazaƙa tana bayyana ne inda abu uku suka haɗu, watau iyawa da ta ɗara ta matsakaici, da naciya a kan aiki, da ƙirƙira, kuma a shekarar ya fara taron bazara na horar da malamai wanda ya ɗore shekaru da dama. Paul Torrance a Jami'ar Jojiya ya tsaya kan gwajin ƙirƙira, John Feldhusen ya kafa cibiya a Jami'ar Purdue, Joyce VanTassel-Baska ta kafa tata a Kwalejin William da Mary ta duƙufa kan manhaja. Howard Gardner ya girgiza kowa a 1983 da da'awar cewa basira iri-iri ce, da'awar da malaman aji suka runguma fiye da yadda masu awo suka yarda da ita. An yi taron duniya na farko a Landan a 1975, Singafo ta fara shirinta a 1984, wasu ƙasashen Asiya da na Larabawa suka bi daga baya.

Amma hannun gwamnatin Amurka bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Ofishin da aka buɗe bayan rahoton Marland an rufe shi a 1981. A 1988 aka yi dokar Javits, wadda ke ba da kuɗin bincike kaɗan ba tare da ta wajabta wa kowace jiha komai ba. A 1993 wani rahoton ma'aikatar ilmi ya nuna cewa cikin kowace dala 100 da ake kashewa a makarantu, senti 2 kacal ke zuwa ga haziƙai. Wannan shi ya sa sana'ar ta zama yadda take. Da yake dokar tarayya ta tilasta kula da yara masu naƙasa amma ba ta tilasta kula da haziƙai ba, kowace jiha da ƙa'idarta: wata tana neman ƙarin shaida a kan takardar malanta, wadda ake samu da 'yan kwasa-kwasan jami'a, Tekzas tana neman horon awa 30 da ƙarin awa 6 kowace shekara, wata kuwa ba ta neman komai. A 2006 manyan ƙungiyoyin fannin biyu suka haɗu suka fitar da mizanin abin da ya kamata malami ya sani, aka sabunta shi a 2013.

Galibi ba a fara karatun malantar haziƙai daga digiri na farko; mutum yakan zama malami tukuna, ya ɗanɗani aji, sa'an nan ya koma. Abin da zai tarar ya haɗa da hanyoyin gane haziƙi da illolin kowane gwaji, da dabarar taƙaita manhaja, watau a gwada yaro kafin a fara babi, abin da ya riga ya sani a ɗauke masa a ba shi wani aiki mai nauyi a madadinsa, da sanin halin zuciyar waɗannan yara, da sha'anin yaron da ya haɗa hazaƙa da wata naƙasa, kamar wanda ke warware lissafin manya amma karanta jimla ke ba shi wuya. Idan ya gama, ko ya riƙe aji na musamman, ko ya riƙa zagaya makarantu yana ɗaukar yara 'yan sa'o'i a mako, ko ya zama mai kula da shirin a gunduma, ko mai tsara manhaja, ko ya zarce ya zama malamin jami'a. Aikin yana da daɗi ga mai son tambaya, amma kujerarsa ba ta da ƙafa huɗu, don idan kasafi ya tsuke ita ake fara ɗaukewa. Kuma tsohon aibin Terman bai mutu ba: wata babbar gunduma a jihar Fulorida da ta daina dogara da zaɓin malamai da iyaye a 2005, ta gwada dukan yaran aji biyu, sai adadin 'ya'yan baƙaƙe da na 'yan asalin Latin Amurka da aka gano ya yi tsalle, da kuɗi suka ƙare aka dakatar da gwajin kuwa ya sake faɗuwa.

Nijeriya ta shiga wannan tarihi ta ƙofar hukuma. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta sa haziƙai cikin masu bukata ta musamman, tare da makafi da kurame da guragu, kuma a wannan shekara aka kafa kwalejin horar da malaman ilmi na musamman a garin Oyo, wadda a cikin sassanta akwai na koyar da haziƙai; jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero ta Kano su ma suna da sassan ilmi na musamman. A 1977 ɗin dai jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda ake shiga da jarrabawar tacewa, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu sun isa shaida. A zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Jibril Aminu ke ministan ilmi, aka tsara shirin tarayya na haziƙai a 1986, wanda ya haifi makarantar Suleja da ta fara aiki sosai a 1990. Jihar Jigawa ta gina tata a Bamaina a zamanin Gwamna Sule Lamido. Hukumar NECO, mai hedkwata a Minna, ita ce ke shirya jarrabawar shiga ta Suleja, kuma da Ingilishi ake yin ta, don haka yaron ƙauye da ya haddace izu sittin yana da shekara goma, ko yarinyar da ke riƙe wa uwarta lissafin adashi da ka, ba su cikin waɗanda takardar ke iya gani, sai fa idan wani malami a makarantarsu ya lura da su tun da wuri, ya koya musu harshen, ya kuma nemo musu fom.